Marurun Abokin Kurege

Ga ta nan, ga ta nanku!

Ta zo mu ji ta.

Haka ake amsa wa gwani irina, kamar masu zazzaɓi? Ba komai, na yafe. Ku matso.

An yi wani Kurege ɗan ƙwalisa, ba ya fita sai ya taje jelarsa. Rana ɗaya ya tashi ya ce shi likita ne. Maganinsa ɗaya tal: toka da barkono. Ciwon kai, toka da barkono. Karaya, toka da barkono. Dokarsa ma ɗaya: mara lafiya ba ya cin gyaɗa, a kai ta gidan likita ajiya. Ya bi gari yana ɓata masu magani na gaske, har suka rasa mai yi musu sallama. Rumbunsa kuwa ya cika maƙil.

Ana nan, sai maruru ya fito wa Kurege daidai wurin zama. Ya shafa toka da barkono. Ihun da ya yi sai da kajin unguwa suka watse. Zama ya gagara, kwanciya ta gagara. Ya rufe maruru da jela, ya fita neman mai magani yana tafiya a karkace.

Ya je wurin Kunkuru mai saiwa.

"Baba, ba ni ba ne, wani abokina ne maruru ya fito masa."

Kunkuru ya ce, "Ayya. Zauna mana, likita."

"A'a, tsayuwa tana gyara hanta."

"To, kai ka ce saiwata tana sa sanƙo. Na zubar, na koma noman kuɓewa. Je ka wurin Burgu wanzami."

Maruru ya kai girman gauta. Kurege ya je wurin Burgu.

"Kawu, ba ni ba ne, wani abokina ne."

Burgu ya ce, "Ga tabarma, likita."

"A'a, likita ba ya zama ran Talata."

"To, kai ka ce ƙahona yana tsotse hankali. Na bai wa yara suna busa. Je ka wurin Beguwa mai sakiya."

Maruru ya kai girman goruba. Kurege ya tarar da Beguwa a tsakiyar kasuwa tana tuyar ƙosai, tun da ya kore mata mutane. Ya yi ƙasa da murya.

"Gwaggo, ba ni ba ne, wani abokina ne."

Beguwa ta ɗaga murya ta ce, "Me ka ce? Maruru? Ai ba a aiken sakiya, ɗan nan. Mai ciwo ya zo da kansa."

"Yana da kunya, Gwaggo. Ki gwada a jikina, in je in yi masa."

"Madalla! Jama'a, ku zo ku ga likita zai koyi aiki saboda abokinsa!"

Kasuwa ta taru. Beguwa ta zare ƙaya ɗaya daga bayanta, ta sa a wutar ƙosai har ta yi ja.

"A ina ya fito wa abokin naka?"

Kurege ya dubi jama'a, ya dubi ƙaya. Ciwo ya fi kunya. Ya ɗaga jela a hankali.

Tsul! Maruru ya fashe. Kurege ya yi tsalle ya wuce rumfar mai nama yana cewa, "Wayyo abokina! Wayyo abokina!"

Da ya dire, sai ya ji sakayau. Ya gyara jela, ya ce, "To, na gane yadda ake yi."

Beguwa ta ce, "Saura doka. Wani babban likita ya koya mana mara lafiya ba ya cin gyaɗa. Jama'a, a je gidan abokin nan a kwashe rumbu, kada ciwo ya dawo."

Ba wanda ya tambayi hanya. Kowa ya san gidan.

Shi ya sa har yau za ku ga kurege ya miƙe tsaye yana waige-waige, bai yarda da zama ba. Mai ɓata masu magani, ya tuna shi ma yana da wurin zama.

Ƙurunƙus kan ɓera! Wanda ya ce na yi ƙarya, ya je ya ɗaga jelar Kurege ya duba.