Kwalin da Na Kai Bola

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai, tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta. Bayan haka, wannan kaɗan ne daga abin da idona ya gani na karamomin Shaihinmu, malami masani, mai tsantseni da gudun duniya, fitilar Zangon Kumasi, Allah Ya ƙara masa yarda, wanda ya haddace Alƙur'ani tun yana ƙarami, ya ƙoshi da fiƙihu da hadisi, amma duk da haka idan ka same shi a zaure kan buzunsa yana watsa wa tantabaru tsaba, sai ka ɗauka wani dattijon unguwa ne kawai. Ba zan ambaci sunansa ba, domin ya hana. Ni kuwa sunana Sanni, tela ne ni a unguwar Adum, shekara goma sha ɗaya ina ɗaukar karatu a gabansa, kuma gara in faɗa tun yanzu, labarin nan ba ya yabona ko kaɗan.

Ina da al'ada a gidana wadda nake taƙama da ita. Kullum bayan la'asar nakan shimfiɗa tabarma a tsakar gida in zaunar da 'ya'yana biyu, Karimu mai shekara tara a lokacin da Safia mai bakwai, in biya musu karatu da ladubban Musulunci, har maƙwabtan da muke haya gida ɗaya suna cewa ina ma su ne. Ni kuma sai kaina ya yi girma.

A shekarar da matata Barakatu ta haifi autarmu Hikma, ana cikin jego, sai wata kyanwa ta unguwa ta shiga ɗan ɗakin da Barakatu take ajiye gero da waken sana'arta ta koko da ƙosai, ta haihu 'ya'ya huɗu a bayan buhu. Dama ina jin haushin kyanwar nan, ta sha ɗauke mana kifi. Ban yi shawara da kowa ba, na jira ta fita neman abinci, na kwashe 'ya'yan, ko idonsu bai gama buɗewa ba, na zuba a kwalin sabulu. Abin da ya fi muni, sai na ce Karimu ya ɗauki kwalin, Safia ta biyo mu, muka je bola ta bayan babbar kwata muka ajiye. Safia ta ce, "Baba, uwarsu fa?" Na ce ta rufe min baki. Muka dawo gida na shimfiɗa tabarma, na biya musu babin tausayi, ko kunya ban ji ba.

Kyanwar ta dawo ta dinga zagaya gidan tana wani irin kuka, nononta ya cika har yana jan ƙasa. Washegari na ga Karimu yana jifan ta da dutse yana dariya, ban hana shi ba.

A ranar ce Hikma ta ƙi nono. Jaririya 'yar mako uku, da ma mai tsotso ce kamar me, sai ta kau da kai, ta damƙe baki. Muka kai ta asibiti, likitoci suka duba, suka yi iya ƙoƙarinsu, suka ƙara mata ruwa, suka ce ba su ga wata cuta ba, a ci gaba da gwada ta, a dawo da ita idan ba ta kama ba. Kwana uku muna haka. Yarinya ta zube, kukanta ya koma kamar na ɗan tsako, maɗigarta ta faɗa, Barakatu kuma ga ciwon nono ga hawaye. Wallahi tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba, domin na fara ganin likkafani a idona.

Rana ta uku bayan sallar asuba na tafi wurin Shaihinmu, Allah Ya ɗaukaka darajarsa, na durƙusa na ce, "Allah Ya gafarta Malam, 'yata za ta mutu, a taimake ni da rubutu." Ya daɗe yana jan carbi bai dube ni ba, sa'an nan ya ce, cikin muryarsa mai sanyi wadda ban taɓa jin ya ɗaga ta ba, "Sanni, akwai uwa biyu da suke kuka a gidanka, ɗaya kaɗai ka kawo min labarinta."

Ban faɗa wa kowa zancen kwalin nan ba, ko Barakatu ba ta sani ba, Malam kuwa ya fi wata biyu bai taka ƙofar gidansa ba saboda ciwon ƙafa.

Ya ce, "Huɗu ka kai, uku za ka samu. Kada ka je kai kaɗai, ka tafi da waɗanda suka raka ka, domin a gabansu ka karantar da wancan darasin, a gabansu za ka goge shi. Maganin asibiti kuma kada ku bari." Na ce, "Malam, rubutun fa?" Ya ce, "Ba a nan yake ba."

Na koma gida da gudu na kamo hannun yaran. A hanya zuciyata tana ce min aikin banza nake yi, domin an yi ruwa kamar da bakin ƙwarya kwana biyu a jere, ga karnuka, ga ungulu. Muka isa bola, wurin da na ajiye kwalin babu komai sai laka. Sai Safia ta ja rigata, tana tsoron duka, ta nuna wani tsohon kwanon rufi da aka jingine a gefe. Ashe tun ranar ta koma ta ja kwalin ta tura ƙarƙashinsa, kuma kullum da safe a hanyar makaranta takan ratse ta ɗiga musu madarar da uwarta take zuba mata a koko, da ɗan yatsa, ita kuma ta sha kokonta gaya. Na buɗe kwalin. Uku suna motsi, ɗaya ta sandare.

Na tona rami da hannuna a gindin wata bishiya na binne ta, yaran suna tsaye. Karimu ya ce, "Baba, ni na ɗauko kwalin. Ni Allah zai tambaya?" Na ce, "A'a, ɗana, ni zai tambaya. Ni na sa ka." Sai na fashe da kuka a gaban 'ya'yana, a kan bola, masu zubar da shara suna kallo, ban damu ba.

Karimu ne ya rungumo kwalin zuwa gida, a hankali, ya lulluɓe shi da rigarsa ta makaranta. Muna shiga kyanwar ta diro daga kan katanga, ta shinshina su, ta ɗauke su ɗaya bayan ɗaya da baki ta mayar bayan buhun nan, ta dawo ta leƙa kwalin tana neman ta huɗu, ta dube ni, sa'an nan ta koma ta kwanta. Muna tsugune a bakin ƙofa mu uku muna kallon su suna tsotso, ba a yi minti biyar ba na ji muryar Barakatu daga ɗaki, a hankali, kamar mai tsoron kada ta tashi daga mafarki: "Baban Karimu, zo. Ta kama."

Da na koma yi wa Shaihinmu godiya, na kama hannunsa zan sumbata, sai ya janye, ya ce shi bai yi komai ba, rahamar Allah ce ta sauka inda aka buɗe mata ƙofa. Ya ƙara da cewa, "Karatun la'asar ɗin nan kada ka daina. Amma idan kun zo babin dabbobi, ka sauka daga tabarma ka bar Safia ta biya." Haka muke yi har yau. Ita take duba ruwan kaji, Karimu yake kwance wa ragon layya igiya ya kai shi inuwa, ni kuma ina daga gefe ina koyo. Hikma tana aji biyu yanzu, lafiyarta ƙalau, kuma ban taɓa wucewa ta gindin bishiyar nan ban nemi gafara ba.

Allah Ya saka wa Shaihinmu da mafificin alheri, Ya tsawaita kwanansa cikin lafiya da ɗa'a, Ya haskaka zuriyarsa da almajiransa. Ya Ubangiji, Ka ba mu albarkar bayinKa na gari, Ka tausasa zukatanmu da na 'ya'yanmu ga duk mai rai, Ka yafe mini waccan guda ɗaya da ban iya mayar wa uwarta ba. Amin.