Motar da Ta Cinye Filin Mbamba

A unguwar Bekaji da ke Jimeta an yi wani direban keke mai ƙafa uku mai suna Ɗanburam. Mutumin kirki ne, wannan ko maƙiyinsa ba zai musa ba, in ma yana da maƙiyin. Ba ya zagin fasinja, ba ya cin canjin kowa. Aibinsa ɗaya ne tak: bakinsa bai iya furta "a'a" ba. Ko rigar jikinsa ka roƙa, sai ya fara ba ka haƙuri don ta ɗan tsufa kafin ya cire maka.

Wannan hali kuwa yana da tushe. Shekarar da 'yan bindiga suka ci garinsu a Borno, da ƙafa ya fito shi da matarsa Mairam, tana goye da 'yarsu Jannatu. Suka yi ta tafiya har ƙafafun Mairam suka farfashe, motoci na wuce su cike maƙil, ba mai ko kallonsu. Wani direban tifa da bai san su ba ne ya taka birki, ya ɗora su a baya, ya kawo su har gadar Jimeta, ya ƙi karɓar ko sisi. Tun ranar Ɗanburam ya yi wa kansa alkawari, in dai Allah ya ba shi abin hawa, ba zai bar mutum tsaye a bakin hanya ba.

Shekaru suka shuɗe. Daga sansanin gudun hijira suka kama ɗakin haya, daga jan keken wani ya mallaki nasa. Da ɗan abin da suka tattara suka sayi fili a Mbamba, can gefen Yola. Ba a kafa ko bulo ɗaya ba, amma Mairam ta dasa mangwaro a kusurwar filin, duk Juma'a sai ta shiga keken mijinta da jarkar ruwa ta je ta ba shi. Burinta a duniya bai wuce ɗaya ba, ta kwanta a ɗakin da ba wanda zai ce ta tashi.

Ana nan sai sana'ar kiran mota ta waya ta shigo gari. Mutum yana zaune zai danna manhaja, mota ta zo har ƙofar gidansa. Ɗanburam ya riƙa ganin direbobin a filin jirgi, gilashi a rufe, sanyi na kaɗa su, shi kuwa zafin Yola na gasa masa ƙeya. Ya ji an ce kai mutum ɗaya otal ya fi abin da keke ke samu daga safe zuwa azahar. Abin ya shiga ransa ya zauna daram. Sai dai kuɗin keke kaɗai ba zai sayi mota ba, dole a haɗa da filin.

Ya je ya faɗa wa Mairam.

"Baban Jannatu," ta ce, "sau biyu aka tashe ni. Na farko da bindiga, na biyu mai gida ne ya ce ɗansa zai yi aure. Ba na son na uku."

"Shekara ɗaya kawai, Mairam. Motar za ta dawo mana da fili, har da bulo da kwano."

Ta yarda, ba don ta gamsu ba, sai don ta ga yadda idonsa ke ƙyalli.

Maƙwabcinsu Apollos, mutumin Ganye, ya taɓa yin wannan aikin a Abuja kafin ya dawo gida ya kama keke. Da ya ji labari sai ya ja Ɗanburam gindin dalbejiya.

"Aboki, motan ba shi da laifi," in ji shi. "Akwai riba, in mutum ya riƙe shi kamar shago. Amma kai na san ka. Yanzu keke yana kare ka, ba ka sani ba. Ba wanda zai ce ka kai shi Mubi da keke. Ran da ka saya mota, duk mutanenku sun saya mota."

Ɗanburam ya yi dariya, ya ce ai shi ba yaro ba ne. Aka sayar da keke, aka sayar da fili, aka kawo mota ruwan toka, ta hannu amma mai kyan gani.

Watan farko abin sai son barka. Waya na ƙara, yana ɗauka, daga Bekaji zuwa filin jirgi, daga kasuwa zuwa Yola. Fasinjoji na yabon tsabtarsa, suna ba shi taurari a manhaja. Har ya fara tambayar farashin fili a Bako.

Sai labari ya zaga cikin mutanen garinsu da hijira ta watso Jimeta da Yola, cewa ɗansu ya yi mota. Roƙo na farko mai naƙuda ce za a kai asibiti, wannan kam ko dutse ne a ƙirjinka ka kai ta. Na biyu gawa ce za a raka. Daga nan kuma ƙofa ta buɗe. Wannan za ta je gaisuwar suna a Girei, wancan zai duba gonarsa, wani malami zai tarbi baƙonsa a tashar Jambutu. Ba wanda ke tambayar nawa ne, don a wurinsu tambayar ɗan'uwa kuɗin mota cin fuska ne. In an sauka sai a ɗaga hannu a yi masa addu'a mai tsawo, shi kuwa har cikin ransa yake jin daɗinta.

Manhaja kuwa ba ta san zumunci ba. Kira zai shigo yana kan hanyar kai wata goggo biki, sai ya soke. Wani ya shigo, ya sake sokewa. Taurarinsa suka yi ƙasa, kiran ya ja baya. Ga fetur ya yi tsada, ga baƙin mai ya wuce lokacin canji, tayoyi sun suɗe kamar tafin hannu. Motar na yawo daga safe har yamma, amma Mairam sai ta yi bara kafin ta ga kuɗin cefane.

"Ka ce musu kana aiki mana," ta ce masa wata rana, ranta a ɓace. "Mai shago in ɗan'uwansa ya zo, sukari kyauta yake auna masa kullum?"

"Da wane baki, Mairam? Kin manta mai tifa?"

"Ban manta ba. Mai tifa sau ɗaya ya ɗauke mu, kuma mutuwa muke gudu. Waɗannan biki suke zuwa."

Ya san gaskiya ta faɗa. Ya yi niyyar gyarawa, amma duk sanda wani dattijo ya tsaya a ƙofarsa, sai niyyar ta narke.

Cikin damina sai ga dama ta zo, irin wadda ba ta zuwa sau biyu. Wata fasinjarsa, Malama Jemimah, ma'aikaciyar wata ƙungiyar agaji, ta ce ofishinsu na neman mota da direba na wata shida, biya duk ƙarshen wata. Za a fara ranar Asabar da la'asar, da ɗauko baƙinsu daga filin jirgi. Ɗanburam ya ce to, ya koma gida da gudu. Ranar Mairam har guɗa ta yi a tsakar gida, don wannan aikin shi ne filin Mbamba yana dawowa.

Washegari sai ga yayar mahaifinsa, Goggo Nuriyya, da sandarta. Jikanta Fa'iz zai yi aure, ranar Asabar ɗin nan za a ɗauko amarya daga wani ƙauye bayan Fufore.

"Motarmu ce za ta ɗauki amarya," ta ce. "Muna da mota a gida, ba za mu yi haya mutane su yi mana dariya ba."

Mairam na tsaye a bakin ƙofa tana kallonsa. Ya buɗe baki, ya dubi furfurar tsohuwar, ya ce, "To, Goggo."

Ya lallashi kansa da cewa in an tafi da sassafe za a dawo kafin azahar. Ya manta ba a ɗauko amarya a kan lokaci. Sai da aka yi nasiha, aka yi kuka, aka ci abinci, aka nemi ɗankwalin da ya ɓace, sannan aka cusa mata shida a motar mutum huɗu. A hanyar dawowa suka tarar ruwan da aka yi a kan tudu ya cika wani rafi da suka tsallake da safe ba wahala. Wata a-kori-kura mai tsayin ƙafa ta ratsa ta wuce. Ɗanburam ya tsaya. Ya san motarsa gajera ce, ya san abin da ruwa ke yi wa inji.

"Shiga mana!" in ji Goggo Nuriyya. "Ba ka ga waccan ta wuce ba? Amarya ba ta kwana a hanya. Ka yi bisimilla kawai."

Sauran matan suka ɗauka da baki ɗaya. Kalma ɗaya ce za ta cece shi a wurin, ya neme ta ya rasa. Ya sa giya ya shiga.

A tsakiyar rafin motar ta yi tari sau biyu ta mutu. Ruwa ya shiga inji, inji ya buga. Aka fito da amarya a goye, kowa ya tsira lafiya. Yana tsaye cikin ruwa har gwiwa wayarsa ta yi ƙara. Malama Jemimah ce, baƙi sun sauka. Ya kalli sunan har kiran ya katse.

Kada a ce mutanensa butulu ne, ba haka ba ne. Sun zo jaje, gida ya cika. Fa'iz ya bar amaryarsa ya zo yana hawaye. Suka yi karo-karo, amma su ma 'yan hijira ne masu neman na yau, abin da aka tara da ƙyar ya biya jawo motar zuwa gareji. Sabon inji ya fi ƙarfinsa, ofishin agaji sun ɗauki wani direba. A ƙarshe ya sayar da motar a wulaƙance, kuɗin ko keke ba su saya ba. Apollos bai ce masa "ai na faɗa maka" ba. Keken ƙaninsa ya samo masa, Ɗanburam na ja yana kai wa mai keken balas, wato kuɗin haya, kowace yamma.

Da bazara ta zo, wani mutum ya tare shi a kasuwar Jimeta da bokitan fenti, ya ce Mbamba za a kai shi. Suna tafe yana nuna hanya, dama, hagu, miƙe, Ɗanburam na gane kowace kwana. Suka tsaya a filin da Ɗanburam ya sayar. Ɗaki uku sun tashi, an rufa kwano, a kusurwa kuma mangwaron Mairam ya yi 'ya'yan fari. Mutumin ya biya shi, ya tsinko guda uku ya miƙa masa.

"Kai wa iyali," ya ce. "A nan na tarar da shi. Allah ya yi wa wanda ya dasa albarka."

Da ya isa gida ya ajiye su gaban Mairam. Ta tambayi inda ya samo, ya faɗa mata gaskiya, kansa a ƙasa. Ta ɗauki ɗaya ta daɗe tana juya shi a hannu. Sannan ta wanke, ta yanka, ta ba Jannatu, ta ba shi, ta kai nata baki.

"Na san zai yi zaƙi," ta ce a hankali. "Da kaina na zaɓi irin."

Ɗanburam ya ajiye nasa bai ci ba.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, kafin ka sayi mota don sana'a, kada ka tsaya ga lissafin fetur da taya da yawan fasinja, ka fara auna halinka. Mota tana iya kawo riba, amma sai ga wanda zai riƙe ta a matsayin jari, ya ware lokacin aiki da lokacin zumunci, ya bambance mai naƙuda da mai zuwa biki. Taimako abu ne mai kyau, sai dai wanda bai iya cewa "a'a" ba, da haƙƙin iyalinsa yake yin kyauta. Kuma kada ka sayar da abin da iyalinka suka dogara da shi don sayen abin da rafi ɗaya zai iya kashewa.