Tsumman da Armand Ya Zubar

Akwai wani ɗan garinmu, Armand Wormser, wanda har yau in na tuna abin da ya yi a majami'armu ta Yahudawa sai raina ya ɓaci. Ku yi haƙuri, jama'a, labarin yau ba na dariya ba ne.

A ƙaramin garinmu na yankin Alsas aka haife shi, amma ba a nan ya girma ba. Yana ƙarami yaƙin duniya na biyu ya zo. Aka ɓoye shi a gidan wasu manoma, aka tafi da iyayensa tare da sauran Yahudawan da aka kama, ba su dawo ba. Ya girma a Strasbourg, ya yi arziki da sayar da gadaje da kujeru. Duk wanda ya taɓa zama da shi ya san maganar da ba ta barin bakinsa: "Ni ko maɓallin rigar mahaifiyata ban gada ba. Ko hotonta ba ni da shi."

Da ya doshi shekara sittin sai ya dawo ya ce zai gyara majami'a don tunawa da ita. Gaskiya ginin yana bukata. Rufi na yoyo, ranar Asabar sai ka tsallake bokitai kafin ka kai bencinka, tsakar gida kuwa ciyawa ta kai gwiwa. Muka yi murna, muka sa masa albarka.

Ba mu san abin da muka jawo wa kanmu ba. Mutumin nan ba ya jin shawarar kowa. In ka buɗe baki sai ya ce, "Shekara nawa kuna zaune ruwa na zuba a kanku? Yanzu ne kuka zama masana gini?" Bishiyar da muke hutawa a ƙarƙashinta bayan addu'a, da safe kawai muka tarar da kututture. Ya sa aka shimfiɗa dutse a wurin. A bakin ƙofa kuma ya kafa allon marmara da sunan mahaifiyarsa, Coralie Wormser, da ruwan zinariya.

Ranar wata Juma'a masu gyaran rufi suka fasa silin, suka ci karo da buhuna a cushe a lungu. Da aka sauko da su, ashe mappa ne fal. Mappa shi ne zanen da ake naɗe jariri da shi ranar kaciya. Uwa za ta yanka shi ta haɗa ya yi tsawo kamar rawani, ta ɗinka sunan yaron a farkonsa da zare mai launi. In ya cika shekara uku sai ya kai majami'a da hannunsa, a riƙa ɗaure littafin Attaura da shi. Kowa ya ɗauka na kafin yaƙi duk sun ƙone lokacin da aka wawashe ginin. Ashe wani bawan Allah ne ya ɓoye su.

Ba su da kyan gani, wannan kam ba zan yi ƙarya ba. Kashin tattabaru ya rufe su, ɓeraye sun ci rabonsu. Armand ya toshe hanci ya ce a zuba su a motar shara tare da ruɓaɓɓun katakai.

Labari ya kai kunnen Tanti Palmyre Roos. Tsohuwa ce da ta haura saba'in, ita ke kai wa ma'aikatan kofi da kek kowace safiya ba wanda ya sa ta. Ƙaninta Lucien yana yaro aka tafi da shi a yaƙin, ba shi da kabarin da za ta ziyarta ta ɗora tsakuwa kamar yadda muke yi wa mamatanmu. Ta iso tana haki, ko gyale ba ta tsaya ɗaurawa da kyau ba.

Ta ce, "Armand, ɗana, dakata! Me kake yi haka?"

Ya ce, "Shara nake kwashewa, Tanti. Matsa kada ki taka ƙusa."

"Shara? Abin da ya taɓa Attaura kake kira shara? Ko ruɓewa ya yi, a maƙabarta ake binne shi, kai ma ka sani. Ka bar min su zuwa Lahadi kawai. Ni zan wanke, ni zan duba sunayen. Na Lucien ɗinmu yana ciki, da idona na ga ya kai shi."

Ya ce, "Tanti, Asabar, ranar ibadarmu, na shigowa. Ba zan bar min tsakar gida da wannan warin ba. Mako mai zuwa ana bikin buɗewa, magajin gari zai zo."

"To a kai gidana. A zuba min a falo ma in kana so."

Nan ne ya faɗi maganar da ta ƙona min rai. Ya yi dariya a gaban ma'aikata ya ce, "Ke dai kin saba da tsumma. Irin wannan tara-taran naku ne ya sa wurin nan ya koma kango. Ni gyara na zo yi, ba zaman makoki ba."

Shugaban ma'aikatan, wanda ba ma Bayahude ba ne, ya cire hula ya ce, "Yallaɓai, motar za ta iya dawowa Litinin, ba abin da zai lalace." Armand ya daka masa tsawa, ya ce wa ya ɗauke shi aiki, shi ko tsohuwar? Mutumin ya mayar da hularsa ya koma bakin aiki.

Kuma ku ji wani abin takaicin. Mazan garinmu suna tsaye a wurin, masu gemu da masu sanƙo, ba wanda ya ce uffan. Kowa na tsoron kada attajiri ya yi fushi ya bar mana rufi a buɗe. Tir da irin wannan shirun.

Direba ya tayar da mota. Tanti Palmyre ta yar da sandarta ta bi ta. Akwai bakin wani zane da ke reto ta baya, ta cafke shi da hannu biyu. Motar ta ja, ita ma ta ja, zanen ya yage. Ta faɗi zaune a kan sabon dutsen Armand, a hannunta ɗan ƙyalle da bai fi kamu ɗaya ba. Motar ta wuce wurin ƙona shara na gunduma.

Armand ya ce, "Ai kin samu rabonki. Sai a ba mu wuri."

Ta cusa ƙyallen a aljihu, aka kama ta ta miƙe. Sai ranar Lahadi ta jiƙa shi a ruwan ɗumi, datti ya saki, rubutun ya fito. Ta kira wurin ƙona sharar da safen Litinin, aka ce mata kayan Juma'a tun ranar suka shiga wuta.

Ranar bikin buɗewa majami'a ta yi kyau, ba zan hana shi wannan ba. Fitilu sababbi, bango fes, ba ko ɗigon ruwa. Armand ya tsaya gaban allon marmararsa yana jawabi. Ya zo kan maganarsa ta kullum: "Ni da ko maɓallin rigar mahaifiyata ban gada ba..."

"Ƙarya kake, Armand. Ka gada."

Tanti Palmyre ce. Ta ratso mutane da sandarta, ta ciro ƙyallen, wankakke, gogagge, ta miƙa masa.

"Karanta. Ai an koya maka."

Ya karɓa yana yatsina. Ya duba. Sunan da ake kiransa da shi in zai hau karatun Attaura ne, da jan zare: Aharon ɗan Yehuda. A gefe an ɗinka ɗan shamuwa mai ƙafa ɗaya a sama. Daga nan sai yagaggen baki, zare na reto.

Ta ce, "Ni na riƙe wa Coralie bakin zanen nan tana ɗinki, ina budurwa. Sau biyu ta warware shamuwar, wai ba ta yi kyan da ya dace da ɗanta ba. Tsawonsa ya kai daga nan zuwa ƙofar can, kowane harafi da hannunta. Har addu'ar aurenka ta ɗinka a ƙarshe, da ango da amarya a ƙarƙashin rumfa. Ka sa an rubuta sunanta a dutse da hannun wani baƙo, aikin hannunta kuma ka aika wuta."

Magajin gari ya sunkuyar da kai. Armand ya yi ta juya ƙyallen kamar zai ga ragowar a bayansa.

Ya ce, "Ina sauran? Tanti, ina sauran?"

"Ni kake tambaya? Ni da na saba da tsumma?"

Ya zauna a kan matakala, ya kifa fuska a cikin ƙyallen yana kuka kamar yaro. Da ƙyar ya ɗago ya ce da ita, "Na Lucien fa? Kin same shi?"

Ta ce, "Hannu biyu gare ni, kuma abin da suka kamo ke nan. Na Lucien yana tare da sauran naka."

Ta juya ta shiga ciki ta zauna a wurinta na kullum. Armand ya rayu shekaru bayan haka, ƙyallen na aljihun ƙirjinsa, kuma ba a sake jin ya yi maganar maɓalli ba. Ya nemi gafararta, ta ce ta yafe nata, na Lucien kuwa ba ita za ta yafe ba.

Darasi: In Allah ya ba ka ikon gyara wuri, kada ka ɗauka ya ba ka ikon taka mutanen da suka riƙe wurin kafin ka zo. In tsoho ya ce ka dakata, ka dakata ka ji dalilinsa, don abin da girman kai ya ƙona a yini ɗaya, kuka ba ya dawo da shi. Ku kuma masu tsayawa kuna kallo ana wulaƙanta mai rauni, shirunku ma laifi ne. Ku tura wa 'yan'uwa da abokai, musamman wanda kuka san an damƙa masa wani aiki na jama'a.