Yaro na Hamsin

Akwai wani likitan tiyatar yara da ma'aikatan asibiti ke kira Guguwa a bayan idonsa. Ya iya aiki, wannan ba mai musu, amma girman kai ya yi masa katutu, ga baƙar zuciya. In ransa ya ɓaci a ɗakin tiyata, duk abin da ke hannunsa da shi yake jifa. Akwai nas ɗin da har yau take yawo da tabon almakashinsa a goshi.

Aikin da ya fi taƙama da shi shi ne gyaran yaran da aka haifa ƙofar fitsarinsu ta buɗe ta ƙasan gaba, ba ta kai tsini ba. Hanya biyu ake bi a asibitin. Shi yakan tsaga naman wurin, ya naɗe shi kamar bututu, ya ɗinke. Wata likita da ke ƙasa da shi kuwa sai ta duba yaro tukuna, in naman ya yi siriri ta ƙara da fatar da ake yankewa wajen kaciya. Asibiti ya ce a gwada hanyoyin a ga wadda ta fi. Guguwa ya rantse sai ya cika yara hamsin da tasa kafin ranar taron da za a kwatanta sakamakon, ya rufe bakin kowa.

Na hamsin ɗan wani mai walda ne, ɗan shekara huɗu. Uban ya riƙe hannun Guguwa ya ce, "Likita, shi kaɗai gare ni. Yara na yi masa dariya saboda yana jiƙa ƙafarsa."

Da aka kwantar da yaron, likitar ta leƙa ta ce, "Ranka ya daɗe, naman nan ba zai ɗauki ɗinki ba. A ƙara masa fata."

"Ke za ki koya mini aiki?"

"To, ko fatar a bar masa, saboda gaba."

Ya ɗauki ƙarfen riƙe allura ya kwaɗa mata a yatsu, har safar hannunta ta yage, jini ya fito. Ya kore ta waje. Ya ja naman da ƙarfin tsiya ya ɗinke, ya yanke fatar don ta ji haushi, ya jefa a bokiti.

Kwana shida da cire robar fitsarin da aka sa wa yaron, ɗinki ya fashe. Fitsari na fita ta huda uku haɗe da jini, yaro na birgima yana ihu. Guguwa yana ofis yana shirya takardun taro sai ƙofa ta bugu da bango. Mai walda ne, idonsa jajir, riƙe da ƙarfen rataye ƙarin ruwa, ya ji labarin abin da ya faru a ɗakin tiyata.

"Wane hannu ne ya jefar da fatar ɗana?"

Guguwa ya ɗaga hannun dama don ya kare kansa. Nan ƙarfen ya sauka, sau uku. Da kunnensa ya ji ƙarar ƙasusuwan. Sai da ƙarti huɗu suka danne mutumin, 'yan sanda suka tafi da shi.

Yatsun Guguwa ba su sake lanƙwasuwa ba. Bayan wata shida aka mayar da yaron tiyata, kuma dole likitar ta yanko nama daga cikin kumatunsa, tunda babu fata. Guguwa yana tsaye a baranda aka turo gadon. Kunya ta hana shi ɗaga kai, amma ya ji muryar yaron sarai.

"Mama, Baba zai zo ya riƙe ni?"

Uban kuwa saura shekara biyu ya fito daga gidan yari.

Darasin da ke nan shi ne, duk wanda aka damƙa wa jikin wani, amana aka ba shi, ba filin nuna bajinta ba. Hanyar da ta fi ita ce wadda ta dace da marar lafiyan da ke gabanka, ko daga bakin na ƙasa da kai ta fito. Fushi kuma ba ya gyara ɓarna. Manya biyu sun biye wa zuciyarsu, yaro ɗan shekara huɗu ya ɗauki wahalar.