Mai Wankin da Ya Ɗauki Alhaji Barmo a Amalanke

An taɓa yin wani bawan Allah a wani gari, shekaru da dama da suka shige, ana ce masa Sallau mai wanki. Ku saurara, jama'a, na baya ku matso. Mutumin nan ba malami ba ne, ba mai dukiya ba ne, ba a neman shawararsa a unguwa. Da safe ya bi gidaje ya tattaro kaya, ya wanke a bakin rijiya, ya shanya, ya goge, ya mayar. Iyakar saninsa da mutane suka yi ke nan.

Cikin gidajen da yake wa wanki akwai gidan Alhaji Barmo, dillalin shanu. Mutum ne mai jama'a. Ya aurar da 'ya'ya, ya gina wa kowanne sashensa a cikin gidan. To, wata rana a hanyar kasuwa mota ta kife da shi, lakarsa ta taɓu, daga ƙugu zuwa ƙasa ya daina ji. Ya daɗe a asibiti. Da za a sallame shi sai aka sa masa robar fitsari, wato siririn bututun nan da ke fitar da bawali zuwa cikin jaka, aka tara 'ya'yansa aka yi musu bayani. Aka ce a riƙa juya shi, kada a bar shi a ɓangare ɗaya. Aka ce a riƙa ba shi ruwa sosai, a tsaftace wajen robar, a dawo da shi a canza ta. Suka ce to. Duk suka ce to!

Makon farko ɗakin ba ya rabuwa da mutane. Wannan ya kawo lemo, wancan ya kawo fura. Daga nan sai ƙafa ta fara ɗaukewa. Uwargidansa ta riga ta rasu. Babban ɗan, Nafi'u, ya ce ai ƙannensa suna nan. Ƙannen suka ce ai babban yaya ne da alhaki. Matansu suka ce su surukai ne, da kunya. Da wari ya fara tashi, sai aka ɗauke dattijon daga turakarsa aka kai shi wani ɗaki can ƙuryar gida, kusa da turken awaki. A tura masa kwano, a ja ƙofa. Kuma don kada jakar ta riƙa cika da wuri a sha wahalar zubarwa, sai aka rage masa ruwan sha. Kun ji? Uban da ya shayar da su, aka rage masa ruwa!

Sallau bai san komai ba, shi dai yana karɓar wanki. Sai ya lura zannuwan gadon Alhaji suna zuwa da wani tabo, wuri ɗaya kullum, ruwa-ruwa da jini-jini, ga wani wari da ba na fitsari ba. Ya tambayi matar da ta miƙo masa kayan.

Ta ce, "Kai dai wanki aka ba ka."

Ya ɗauki kayan ya tafi. Amma da ya dawo da kayan guga, bai ajiye su a zaure ba. Ya yi sallama, ya ce zai kai wa Alhaji da kansa ya gaishe shi.

Ya tarar da shi rigingine, ƙudaje a fuska, leɓe ya bushe. Jakar fitsarin tana kan gado, bututun ya lanƙwashe a ƙarƙashin cinyarsa.

"Baba Alhaji, sannu. Sallau ne."

"Sallau mai wanki? Kai ne ka tuna da ni?"

"Ni ne, Baba. Ka yi mini izini in duba bayanka."

"Duba. Ni ba na jin komai a can."

Ya tallafe shi ya juya shi. Jama'a, ba zan faɗa muku duk abin da ya gani ba, akwai waɗanda ba su ci abinci ba tukuna. Gyambo ne a kwankwaso, ya zurma, fatar wajen ta yi baƙi. Dugadugansa biyu ma sun fara. Naman mutum yana ruɓewa, yana da rai, a cikin gidan da ya gina, 'ya'yansa suna cin tuwo a tsakar gida.

Sallau bai iya magani ba, kuma bai yi kamar ya iya ba. Ya tafi asibiti ya nemi wani ma'aikacin jinya, Malam Isiyaku, ya roƙe shi. Da Malam Isiyaku ya tashi aiki ya biyo shi. Ya wanke gyambon, ya cire mataccen nama, ya rufe. Ya sauke jakar ƙasa da gadon, ya ce, "In tana sama, fitsarin komawa ciki yake yi, ya kai masa cuta. Kada bututun ya lanƙwashe. Kuma ka ji ni da kyau, kada kowa ya ja robar nan. Akwai abin da ke riƙe da ita a ciki, in aka fizge ta za a yaga shi. Waye zai riƙa juya shi?"

Sallau ya duba ƙofa. Babu kowa. Ya ce, "Ni."

Tun daga ranar, tsakanin wanki da shanya, tsakanin shanya da guga, sai ya ruga gidan. Ya juya shi dama, ya dawo ya juya shi hagu. Ya sa matashi tsakanin gwiwoyinsa, ya ɗaga dugadugan kada su taɓa katifa. Ya zubar da jaka, ya goge masa jiki, ya ɗura masa ruwa. Wasu gidajen suka janye wankinsu, wai hannunsa yana taɓa ƙazanta. Kuna tsammanin 'ya'yan sun gode? Cewa suka yi yana neman gindin zama. Suna gani ya shigo, su kau da kai. Bai fasa zuwa ba.

Ana nan sai matar Nafi'u ta haifi namiji, aka ce za a sa masa sunan kakansa. Ku dubi wannan abu! Za a raɗa wa jariri suna Barmo, ga Barmo can kusa da awaki. A kwanakin shirin suna aka hana Sallau shiga, wai gida ya cika da baƙi mata.

Safiyar suna ya kutsa ya shiga. Ya tarar da Nafi'u tsaye a kan mahaifinsa, riƙe da babbar riga da hula. Dattijon jikinsa zafi rau, yana sambatu, mararsa ta kumbura ta yi tauri. Jakar ba kome a ciki sai ɗan guntun abu mai kauri. Robar ta toshe, lokacin canza ta ya wuce, ba wanda ya kula.

Nafi'u ya ce, "Yauwa, ka zo a daidai. Cire masa wannan abin, mu sa masa riga mu zaunar da shi a zaure. Manyan mutane za su zo, ba za a ga Baba da jakar fitsari ba."

"Alhaji ƙarami, ba a cire ta a gida. An ce za ta yaga shi. Asibiti za a kai shi, yanzu."

"Bayan an watse."

"Ba zai kai ba. Taɓa goshinsa ka ji."

"Ubanka ne ko ubana?"

"Naka ne. Shi ya sa nake roƙonka."

Nafi'u ya kai hannu zai ja bututun. Sallau ya riƙe masa hannu. Sai Nafi'u ya ɗauke shi da mari, har hularsa ta faɗi. Mutumin da ya girme shi! Sallau bai rama ba, bai kuma saki hannun ba. Ya ce, "Ƙara mini wani in kana so. Amma ba za ka ja ba."

Aka kira Nafi'u waje, liman ya iso. Sallau ya fita ya jawo amalanken da yake ɗaukar kaya a kai, ya shimfiɗa zannuwa, ya kinkimo dattijon ya kwantar da shi a kan gefensa, ya rataye jakar a ƙasa. Ƙofa ɗaya ce a gidan. Ya turo shi ta tsakiyar taron, ana raba goro. Kowa ya juyo yana kallo. Wani tsohon abokin Alhaji ya miƙe ya ce, "Wannan Barmo ne? Ba ce mana ake yi yana samun sauƙi ba?" Ya tuɓe rigarsa ya yi wa abokinsa inuwa da ita, suka tafi.

A asibiti aka canza robar, fitsarin da ya taru ya sauka, aka sa masa ruwa da magani. Malam Isiyaku ya ce da an ƙara jinkiri da cutar ta gama shiga jininsa. Ya farfaɗo. Da za a sallame shi 'ya'yan suka zo da mota, kunya ta koro su. Alhaji ya dube su ya ce, "Na yafe muku, don kada Allah ya kama ku saboda ni. Amma gidan Sallau za ku kai ni."

A ɗakin Sallau ya ƙare rayuwarsa. Gyambon ya ɗauki watanni kafin ya cike, amma ya cike. Alhaji ya ƙara shekaru yana zama a inuwa ana hira da shi. Daga cikin 'ya'yan, ƙaramin ne kaɗai ya riƙa zuwa har ya koyi juya mahaifinsa. Nafi'u kuwa aike yake yi.

To, jama'a, ba don ku tsine wa Nafi'u na ba ku labarin nan ba. Tsine masa abu ne mai sauƙi. Ni da ku nake. A cikinku akwai wanda yake da mai jinya a kwance yanzu haka, uwa ko uba ko miji. Ka zo sahun gaba, ka yi doguwar addu'a, amma yaushe rabonka da ka juya shi? Kana cewa "sannu, Allah ya ba da lafiya" daga bakin ƙofa, kana toshe hanci, kana ganin ka yi dubiya? Ba ka yi ba! Wanda ba ya iya motsi, motsinsa yana wuyanka. Ƙishirwarsa tana wuyanka. Duk gyambon da ya fito masa don ka yi ƙyuya, za a tambaye ka. Kunyar taɓa fitsarin iyayenka ba kunya ba ce, girman kai ne, su ba su ji ƙyamar naka ba. Abin da ba ka iya ba ka je ka tambayi masu aikin, kada ka yi gaban kanka.

Mu tashi. Wanda yake da majinyaci kada ya tsaya gaisawa da ni, ya wuce gida. Allah ya sa ranar da ƙarfinmu ya ƙare mu faɗa hannun masu tausayi.