Daɓen Gora Ya Ɗaga Gadon Gizo

"To, ku matso kusa. Ga ta nan, ga ta nanku."

"Ta zo mu ji ta, Kaka, kunnenmu na wurinki."

Kai Tanimu, sakar mini zane, ba guduwa zan yi ba.

Wata shekara damina ta yi ƙarfi, daɓen ɗakin Ƙoƙi matar Gizo ya farfashe ya koma taɓo. In ta sauko daga gado, caɓal. In za ta ɗauko tukunya, caɓal. Ranar nan ta je barka gidan Bushiya, ta tarar an shimfiɗe ɗakin da tsagaggiyar gora, wannan mai gaɓa-gaɓa ta bakin rafi, sumul, ko danshi babu.

Ta dawo ranta a ɓace ta ce, "Maigida, ko ka yi mini daɓen gora, ko in koma gidanmu. Na gaji."

Hankalin Gizo ya tashi, don duk rashin kirkinsa yana son matarsa, balle tuwonta. Ya garzaya wurin Bushiya.

"Gwaggo, yaya ake daɓen nan?"

Bushiya ta ce, "Da farko, in ka je rafi, gorar da za ka sara ita ce..."

"Na sani."

"To, in ka saro, kafin ka shimfiɗa sai ka..."

"Wannan ma na sani."

"A ƙarƙashinta kuma..."

"Gwaggo, kakana ne ya fara wannan sana'a."

Bushiya ta ci gaba da kaɗin zarenta.

Ja'irin naku ya je rafi. Ya taɓa tsohuwar gora ya ji tauri, ya ce wa zai iya wannan wahala. Sai ya bi ɗanyu shar, ya tuttumɓuke su har da saiwa, ya jawo gida ya jera a kan taɓon. Ƙoƙi ta duba ta ce, "Na Gwaggo ba kore ba ne."

Ya ce, "Nata tsohon yayi ne."

Ruwa ya yi ta sauka. Washegari wani tsiro ya huda tabarma. Gizo ya kifa masa ƙwarya ya ce ado ne. Rana ta biyu tukunyar miya ta tashi sama, sai da Ƙoƙi ta taka turmi ta ɗebo. Gizo ya ce ai don kada kaji su sa baki. Rana ta uku yana sharar barcin rana, gora ta tokaro gadon, ta ɗaga shi, ta fasa jinka, ta yi sama da shi har ya wuce rimi.

Ƙoƙi ta miƙe. Ta yafa gyale ta tafi wurin Bushiya, ta zauna ta ji magana har ƙarshe. Ashe tsohuwa ake sara, wadda ta fara ja, a bar saiwar ta sake tofo baɗi. A tsaga, a shanya a inuwa ta bushe ƙayau, sannan a jera a kan duwatsu. Bushiya ta ce, "Daminata ashirin ina sara a gindi ɗaya, kullum ƙaruwa yake."

Su biyu suka gyara wani ɗaki tsaf. Gizo kuwa yana can yana lilo, yunwa na cinsa, ƙamshin miyar kuka na taso masa.

"Ƙoƙi! Sare wannan gorar in sauko!"

Ta ɗaga kai, ta kare rana da hannu ta ce, "Ayya Maigida, ɗanya ce. Gwaggo ta ce ba a taɓa gora sai ta shekara uku."

"Uku?"

"Ai ka sani."

Da ya ga da gaske take, ya yi ta yunƙuri, ya yi ta nishi, har zare ya fito daga cikinsa. Ya ɗaura a reshe, ya zuro a hankali, kansa ƙasa, ya dira gaban akushi. Ƙoƙi ta yi dariya har da hawaye, ta ce ya goge ƙafa kafin ya taka mata daɓe. Shi ya sa har yau kuke ganin gizo yana saukowa daga rufi a kan zare, ya tsaya, ya dudduba, bai yarda da ƙasan ɗaki ba.

Don haka in mai sani na koya muku abu, ku bari ya kai aya. In kuma kun je sara, ku ɗauki babba ku bar ƙarami da saiwarsa, don baɗi ma za ku nema.

Ƙungurus kan kusu, ta ƙare ƙaf. Tanimu, miƙo mini buta.