Har Ruwa

An yi wani mutum a wani ƙauye na bakin gulbi, tsakanin Zauro da Argungu. Ba za a faɗi sunansa ba, don ya riga ya isa inda ake tambayarsa, mu kuma muna hanya.

Manomin shinkafa ne kamar kowa a garin. Abin da ya fi kowa shi ne sanin iyaka. Duk wanda ya san fadama ya san halinta: ruwa ya cika da damina ya kwanta, in ya janye sai a tarar ya shafe kunyoyi, gonar wane da ta wane sun zama fili ɗaya. To, shi ake kira. Ya tuɓe takalmi ya shiga laka, ya dubi itatuwa, ya ce nan ne, a kafa turke. Shekara talatin ba a taɓa mayar masa da magana ba. Ba takarda a lokacin, bakinsa ne takardar garin. Matarsa Baiwa ba ta da abin alfahari da ya wuce wannan.

Sai ƙasa ta yi daraja. Noman rani ya shigo, injin ban ruwa ya yawaita. Gonar da a da ake ba mutum aro don kar ta zama daji, sai ga manyan motoci daga Birnin Kebbi suna zuwa nemanta. Baiwa ta kasa gane abin. Lakar nan ita ce ta jiya, ba a ƙara mata komai ba. Me ya hau kanta?

Gonar mutumin nan tana bakin gulbi. Sama da ita akwai ta ƙanensa da ya rasu, wadda matar mamacin, Ummu Hani, ke nomawa ta ciyar da marayunta mata uku. Abin da ya raba gonakin biyu wani ɗan kwari ne da ruwa ke kwanciya a ciki bayan damina. Mutanen garin ba su ba shi suna ba, “ruwa” kawai suke ce masa. Ta gabas kuwa, duka biyun sun yi iyaka da gonar wani mai suna Tamba.

Tamba ya samu wani Alhaji daga birni zai saya, amma Alhajin ya ce gonar ba ta da faɗi. Sai Tamba ya fara zarya gidan mutumin nan. Sau uku yana zuwa suna ƙus-ƙus a zaure. A na huɗu aka sauke sabon injin ban ruwa a ƙofar gida. Baiwa ta tambaya, mijin ya ce kyauta ce. Ta yi ta juya abin a ranta, don Tamba ko goro bai cika rabawa ba. Amma ba ta sake tambaya ba. Har yau tana cewa da ta sake.

Da ruwa ya janye, aka taru a fadama gaban mai gari. Kowa ya san iyakar Tamba daga gindin tsamiya take tashi. Mutumin nan ya wuce tsamiya, ya shiga har tsakiyar gonar marayu, ya dafa wata bishiyar giyayya, ya ce daga nan iyakar ta tashi, ta miƙe har ruwa.

Ummu Hani ta ce, “Yaya, kai da hannunka ka kafa ma ƙanenka turke gindin tsamiya. Ina tsaye.”

Ya ce ambaliya ce ta ruɗe ta. Aka ce ya rantse, ya rantse. Magatakardan mai gari ya rubuta maganarsa yadda ya faɗe ta, daga giyayya a miƙe har ruwa, shi kuma ya dangwala yatsa. Rabin gonar marayu ya tafi kafin azahar.

Ya 'yan uwa, me ya sa shi? Yunwa? Rumbunsa cike yake. Gaba? Shi ya raɗa wa yaran nan suna. Baiwa ta bi abin ta kowace hanya, ba ta samo bakin zaren ba.

Da rani ya yi tsakiya, Alhaji ya turo masu awon ƙasa da igiyarsu da duwatsun siminti. Baƙi ne, ba su san garin ba. Suka karanta takarda, suka ɗaura igiya a giyayya, suka miƙe. Suka iso ɗan kwarin nan ya bushe ƙayau, ƙasa ta tsattsage. Suka tsallake shi suka ci gaba, don takarda ta ce har ruwa, su kuwa ba su ga ruwa ba sai gulbi. Igiya ta ratsa gonar mutumin nan ta tsakiya, ta haɗiye rijiyar ban ruwansa da shinkafar da ta fara ciki.

Ya zo da gudu yana cewa ba wanga ruwa yake nufi ba. Babbansu ya ce, “To Baba, ina ɗayan ruwan? Nuna muna.” Ya nuna musu busasshiyar ƙasa. Suka dubi juna, suka ci gaba da binne dutse.

Aka koma gaban mai gari. Duk wanda ke zaune a wurin ya san abin da ake nufi da ruwa a garin nan, amma ba wanda ya buɗe baki. Sun ga ranar da Ummu Hani ta bar fadama tana share hawaye da gefen mayafi. Tamba kuwa ya riga ya karɓi kuɗinsa, ya bar garin, ya tare a Gwadangaji. Da mutumin ya ga ba mafita, sai ya faɗi gaskiya. Ya ce ƙarya ya yi, iyaka tana tsamiya, a mayar wa marayu nasu, a mayar masa nasa.

Mai gari ya dube shi. Sannan ya ce, “Malam, da kaka ka rantse, da rani ka rantse. Wace za mu ɗauka?”

Wakilin Alhaji ya ce ai don abin ya taɓa shi ne ya canza baki. Takarda ta tsaya yadda take. Gaskiyar da ya faɗa ba ta dawo wa kowa da ko taku ɗaya ba.

Daga nan ba a sake kiran sa fadama ba. Amma yana zuwa. Ya kafa turke a gonar mutane, ya tuge, ya sake kafawa, ya tare mai wucewa ya tambaye shi ina gonarsa take. Wani lokaci yana cin tuwo sai ya ɗago ya ce wa Baiwa, tsamiya ce ko giyayya? Ba ta san ko tambaya yake yi ba, ko tuba. Wace amsa za ta ba shi? Damina biyu ya yi a haka, zazzaɓi ya kwantar da shi, ya cika.

Da Baiwa ta fita takaba, ta hau mota zuwa Augie, inda Ummu Hani ta koma gidan iyayenta. Ta durƙusa mata, ita da ta girme ta, ta roƙa wa mijinta gafara. Ummu Hani ta ɗaga ta, suka yi kuka tare. Sannan ta ce, “Yaya Baiwa, ni na yafe abin da ya yi mini. Amma ƙasar ba tawa ba ce, ta marayu ce. Ƙaramar shekararta biyar. Sai ta girma a tambaye ta.”

Baiwa ta dawo gida da wannan. Tana jira, mamacin ma yana can yana jira, kuma ba ta san wanda zai kai lokacin ba, ita ko yarinyar.

Ya 'yan uwa, ƙasa tana ta ƙara tsada, kuma za a zo ƙofarku kamar yadda aka zo tasa. Kada ku yi shaidar zur a kan gona. Kada ku taɓa rabon maraya, don mai yafe shi bai ma san an ci shi ba tukuna. Mace kuma in ta ga baƙon kaya a gidanta, ta tambaya, ta sake tambaya.

Allah ya gafarta wa wannan bawa, ya sassauta masa. Mu da muka rage, Allah ya kiyaye mu, ya tsare bakunanmu daga abin da ba za mu iya janyewa ba. Amin.